Mazauna Amurka a ba ni shawara: in karɓi katin bashi saboda maki ko in tsaya a kan katin ATM ɗina?

Ɗan_Fagge_Bronx:
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah ina neman shawarar manya. Ban daɗe sosai da zuwa New York ba, ina aiki a wani sito ina kuma ɗan taɓa kai saƙon abinci da daddare, alhamdulillah ana samun na rufin asiri. To tun da na buɗe akawun kullum sai na tarar da wasiƙa a akwati wai an amince in karɓi katin bashi, kuma wani abokin aikina ɗan Ghana kullum yana min dariya wai ni ina kashe kuɗi a banza da katin ATM shi kuwa duk abin da ya saya ana mayar masa da kashi 2 cikin 100, har ma ya nuna min wani katin da in ka kashe dala 4,000 cikin wata 3 za su ba ka maki 60,000 wai ya kusa isa tikitin jirgi. Gaskiya abin ya shiga raina don ina son zuwa gida in ga tsohuwa. Amma ni tun ina yaro mahaifinmu ya tsorata mu da bashi, ko na mai shago ba ya yarda a ci, ga kuma maganar kuɗin ruwa a addini. Waɗanda suka daɗe a nan me kuka gani? In karɓa ko in rabu da shi?

Alh_Houston:
Wa alaikumus salam ɗana, sannu da zuwa. Bari in fara da abin da abokin naka bai faɗa maka ba, makin nan ba shi ne babban dalilin da ya sa mutane ke riƙe katin ba a ƙasar nan, babban dalilin shi ne kiredit. Akwai kamfanoni 3 da ke ajiye tarihin bashin kowa, Experian da Equifax da TransUnion, daga nan ake fitar maka da lamba da ake kira FICO daga 300 zuwa 850, kuma mai gidan haya zai duba, mai sayar da mota zai duba, a jihohi da yawa har kamfanin inshorar mota yana dubawa, kai ko kamfanonin da ke ba da gida ta tsarin Musulunci sai sun duba. Wanda bai taɓa cin bashi ba a gida mutumin kirki ne, a nan kuwa ba su san shi ba kwata-kwata, sai ka ga an ce ya kawo kuɗin ajiya ninki biyu ko ya nemo wanda zai tsaya masa. Kashi 35 na lambar nan biya a kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan abin da ake binka idan an gwada da iyakar da aka yanka maka, shi ya sa ake cewa kar ka wuce kashi 30 na iyakar.

Yadda nake yi ba wani sirri ba ne. Man mota da cefane da kuɗin waya kawai nake sakawa a katin, abubuwan da dole dama zan saya, kuma kuɗin suna zaune a akawun ɗina kafin in goga. Na saita biya ta atomatik a kan cikakken abin da ya fito a takardar wata, ka lura da kyau, cikakken, ba ɗan ƙaramin da suke rubutawa da manyan baƙi ba. Doka ta 2009 ta tilasta musu su ba ka aƙalla kwana 21 tsakanin aiko takardar da ranar biya, in ka biya duka cikin wannan lokacin ko sisi ba za su ɗora maka ba.

Shi kuma na dala 4,000 ɗin ka manta da shi yanzu. Na farko da wuya su ba wanda bai da tarihi, na biyu irin waɗannan suna da kuɗin shekara, na uku in albashinka bai kai ka kashe haka a wata 3 ba to za ka fara ƙirƙiro sayayya ne don ka cike. Ka nemi irin wanda kai za ka ajiye musu kamar dala 200 su ba ka kati mai iyakar dala 200, da shi ake fara koyo.

Maman_Hanifa_MD:
Alhaji Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake amma fa kai ne, ba kowa ke da irin riƙonka ba, kuma yaron nan yana da 'yan'uwa a gida da ke da lambarsa ta WhatsApp, wannan ita ce maganar da ba a yi ba.

Ƙanina ka ɗauko biro mu yi lissafi. A ce kana kashe dala 1,500 a wata da katin, kashi 2 ɗinsa dala 30 ne, a shekara 360. Madalla. Yanzu a ce wata ɗaya abu ya taso ka bar dala 3,000 ba ka biya ba, ruwan katin bashi a ƙasar nan ya haura kashi 20 a shekara, sabon shiga irinka ma sai a yanka masa 24 ko fiye, wato kashi 2 duk wata, dala 60 kenan duk wata a kan 3,000. Ka ga ruwan wata ɗaya ya cinye makin wata biyu. Kuma ɗan mafi ƙarancin biyan da suke nuna maka zai kama kamar dala 90, a ciki 60 ruwa ne, 30 kacal ke rage uwar kuɗin. Sannan da zarar ka bar saura wannan sassaucin na kwana 21 ya tashi, ko burodi ka saya washegari ruwa ya fara hawa kansa daga ranar har sai ka share komai.

Na gani da idona a gidana. Wani ɗan ƙawata ya zauna a wajenmu, yaro mai hankali mai sallah, yana biyan katinsa tsaf duk wata. Sai aka kwantar da mahaifinsa a asibiti a gida aka bugo waya da tsakar dare ana neman kuɗin aiki, bai da su a akawun sai ya buɗe manhajar tura kuɗi ya saka lambar katin bashin. Abin da bai sani ba bankuna da yawa suna ɗaukar tura kuɗi tamkar ka je na'ura ka ciri tsabar kuɗi ne, nan take suka cire kashi 5 na caji, ruwansa ya fi na sayayya tsada kuma daga ranar yake farawa, maki kuwa ko ɗaya babu. Bayan nan ga kuɗin magani ga bikin ƙanwa, tunda an ga ya iya turowa sau ɗaya shikenan. Ina tuna shi zaune a teburin kicin da takardu ya baje su yana danna kalkuleta a waya, abincin da na zuba masa har ya huce bai taɓa ba, ya koma yin aiki biyu kusan duk na biyun banki yake yi wa. Wa zai ce masa kar ya ceci mahaifinsa? Ba wanda zai faɗa. Amma da katin ba ya aljihunsa da 'yan'uwa aka bi aka haɗa, ko a ɗauki adashi, ba ruwa ba caji.

A 2023 bashin katin da ake bin Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1, su da aka haifa a cikin tsarin kenan. Makin da abokinka ke murna da shi daga ina kake zaton yake fitowa, wani daga cajin da ake cire wa masu shaguna duk sanda aka goga kati, su kuma su ƙara a farashi, wani kuma daga ruwan da irin yaron nan ke biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa ƙanina.

Abu_Sumayya:
Bismillah. Tunda ɗan'uwa ya taɓo ɓangaren addini bari in faɗi abin da na karanta, ba fatawa nake bayarwa ba. Babu saɓani cewa ruwan da ake ɗorawa in ka yi jinkiri riba ce, ayoyin ƙarshen Baƙara sun isa, kuma hadisin Muslim ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu duk a cikin tsinuwa. Inda aka yi saɓani shi ne wanda ya sa hannu a yarjejeniyar da niyyar ba zai taɓa jinkiri ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta ba ko da mutum ya ƙudurta zai biya cikin lokacin da ba ruwa, saboda sharaɗin ribar yana cikin takardar da ya sa wa hannu. Wasu malamai kuma musamman mazauna ƙasashen Turai da Amurka sun yi rangwame ga mai buƙata wanda ya tabbatar zai biya duka a kan lokaci, suna kafa hujja da ƙissar Barira inda aka gindaya wa Nana A'isha sharaɗi ɓatacce Annabi (SAW) ya ce ta saya, sharaɗin ya faɗi cinikin ya tsaya. Masu hanawa su ce ai a can sharaɗin ba ya aiki, a nan kuwa banki zai aiwatar da shi ko ka so ko ka ƙi.

Abin da nake so ka lura, masu rangwamen buƙata suka duba, kamar haya ko hayar mota ko otal da ba sa karɓar wani abu. Neman tikitin kyauta ban ga yadda zai shiga layin buƙata ba. Ka samu limamin masallacinku ka zauna da shi ka faɗa masa halinka yadda yake. Allahu a'alam.

Alh_Houston:
Malam Allah ya saka da alheri. Hajiya ni ma ban ce ya tura kuɗi gida da shi ba, wannan ko ni ba na yi, amma a yi wa katin adalci ta wani wajen. In ɓarayin intanet suka sace lambar katin bashi doka ta ce abin da zai hau kanka ba zai wuce dala 50 ba, kuma kuɗin banki ne ke maƙale kafin a gama bincike. In na ATM ne kuɗin hayarka ne suka fita, in ka yi jinkirin kai rahoto asarar tana iya kai 500 ko ma fiye. Ga mai yawan sayayya ta waya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sadiq_Manchester:
Mu a nan Ingila maganar maki ma kusan ba ta taso ba, tun 2015 aka ƙayyade cajin da ake cirewa tsakanin bankuna a kashi 0.3 shi ya sa ba su da abin da za su raba mana kamar ku, in ka ga rabin kashi ɗaya ka gode Allah. Abin da ke sa mutane amfani da shi a nan sashe na 75 na dokar bashi ta ƙasar ne, in ka sayi abu da katin na sama da fam 100 har zuwa 30,000 kamfanin ya ruguje ko bai kawo kaya ba banki ma yana da alhakin biyanka, tikitin jirgi kam da shi ya fi. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai wani gwaji ne da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka aka buga a 2001, an yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando na Boston Celtics, waɗanda aka ce da kati za su biya sun taya kusan ninki biyu na masu biyan tsaba. Kaga ko kana biya duk wata ba ka ba da ruwa ba, in katin ya sa ka ƙara kashi 10 a sayayyarka an ba ka 2 ai an ci da kai. Kuma batun tikiti da maki ka tambayi abokin naka ko ya taɓa samun kujera lokacin Disamba ko hutun bazara da kowa ke tafiya gida, ga haraji da cajin mai da dole ka biya da kuɗi.

Ɗan_Fagge_Bronx:
Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Hajiya wallahi kamar kin san ni, abin da na fara rayawa kenan in an matsa daga gida in tura da shi in biya a hankali, ban san ma daban suke lissafa shi ba. Na mai maki 60,000 na haƙura da shi. Ranar Juma'a zan tsaya in ga liman bayan sallah kamar yadda Malam ya ce. Alhaji tambaya ɗaya, shi wannan na ajiyar dala 200 ɗin shi ma akwai ruwa a takardarsa ko tunda kuɗina ne a wajensu babu? Kuma akwai wata hanyar da mutum zai gina kiredit ɗin ba tare da kati ba gaba ɗaya?

Alh_Houston:
Akwai ruwa a takardarsa ɗana, ajiyar jingina ce kawai, in ka makara za su ɗora maka kamar kowane kati, in ka wuce kwana 30 ba ka biya ba su kai rahoto ya zauna a tarihinka shekara 7, don haka ka faɗa wa liman wannan ma kar ka ɓoye. Hanyar da ba kati akwai amma tana da jinkiri, ka tambayi mai gidanku ko yana kai rahoton biyan haya, wasu suna yi wasu sai ka yi rajista da kanka ka biya ɗan wani abu duk wata, sannan Experian suna da tsarin da ke lissafa kuɗin wuta da na waya sai dai a wajensu kawai yake nunawa ban da sauran biyun. Hayar da sunanka take ko da sunan wanda kuke zaune tare? Don in ba sunanka a takardar gidan to sai an fara gyara wannan.