Neman shawara kan kumburin furostet na mahaifina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da duk wanda ya taɓa jinyar dattijo mai irin wannan lalura.

Mahaifina yana da shekara 71, muna zaune a Tudun Wada, Zariya. Fitsari ya daɗe yana ba shi wahala, har ya tsaya masa gaba ɗaya aka sa masa roba. A Asibitin Koyarwa na Shika an yi gwajin PSA (gwajin jini na duba furostet) da hoto, aka ce furostet, wato wani nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, shi ne ya kumbura yana matse hanyar fitsari, kuma ba a ga alamar daji ba. An ba shi magungunan tamsulosin da finasteride, amma da aka cire robar, fitsarin bai fita ba, don haka likita ya ba da shawarar aikin TURP, wanda ake kankare naman ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba.

Baba ya ƙi, domin 'yan uwansa sun ce habbatussauda, zuma da jiƙon sassaƙe za su wadatar. Ni ban raina maganin gargajiya ba, sai dai ina tsoron fitsarin da ke taruwa ya taɓa ƙoda.

Shin akwai wanda sassaƙe ya raba da roba? Kuma wane haɗari ke cikin jinkirta aikin, ganin yana da hawan jini?