Zakka ko kuɗin makarantar yara: wanne ake fara fitarwa a gidan Kirista?

Dattijo: Salama gare ku, 'yan'uwa. Ni dai a ganina zakka ake fara warewa ranar da kuɗi ya shigo hannu, ko da na makarantar yara bai cika ba. Firistoci 27:30 ya ce ɗaya cikin goma na amfanin ƙasa na Ubangiji ne, Malakai 3:10 kuma ya ce a kawo shi duka. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, N70,000 da aka tsayar a 2024, ya cire N7,000 kafin ya taɓa sauran. Wanda ya bari sai ƙarshen wata ba zai tarar da komai ba.

Mamar Zumunta (shugabar ƙungiyar matan ikilisiya): Baba Dattijo, a duba watan Satumba. Makaranta ta koma, masara ba ta bushe ba, rumbu ya yi ƙasa. Maigida ya kai zakka, aka koro yaro, uwa ce za ta je cin bashi da ruwa ko ta karya jarin sana'arta. Daga nan faɗa ke shiga ɗaki. Bulus ya ce a 1 Timoti 5:8 wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunci bangaskiya.

Malamin Littafi: Mama tana da hujja. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsauta wa masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Kuma 2 Korintiyawa 9:7 ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudurta, ba don tilas ba.

Dattijo: Malam, waɗancan dabarar guje wa iyaye suka yi. Gwauruwar da Yesu ya yaba don ta saka anini biyu, duk abin da take da shi, a baiko fa? A Matiyu 23:23 ma Yesu bai soke zakka ba, cewa ya yi a haɗa ta da adalci da jinƙai.

Ma'aji: Baba, yawancin rikicin daga lissafi yake. Manomi ya sami buhu 20, amma taki, huɗa da 'yan ƙwadago sun ci na buhu 8. Ribarsa 12 ce, zakkarsa buhu ɗaya da 'yan kwanuka, ba biyu ba. Mai ƙosai ta fara cire kuɗin wake, mai da itace. Bashi ba samu ba ne, kwasar adashi kuma kuɗinka ne ya dawo, in ka riga ka fitar a kansa kada ka maimaita. Sai a raba kuɗin zango gida huɗu, a riƙa ajiye kashi ɗaya duk wata tun daga Mayu.

Dattijo: Na yarda da na adashi. Na gona kam, daga abin da aka girbe duka ake cirewa.

Mamar Zumunta: To Baba, ko wanne aka bi, miji da mata su zauna su yi lissafin tare, kada ya fitar daga kuɗinta ba da saninta ba. Tambayata ga dattawa: Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ya ce zakkar shekara ta uku har marayu da gwauraye ke ci. Nawa ikilisiya ke ware wa yaron da aka koro daga makaranta?