Jadawalin Fitowa da Cinikin Littattafan Labarai Masu Zane

Shawarar da masu zane da masu sayarwa suka fi nanatawa ita ce cika alkawarin fitar da littafi a kan lokaci. A Amurka yawancin littattafan wata-wata suke fita, sababbi su iso shago ranar Laraba. In mai karatu ya zo sau biyu bai tarar da ci gaban labarinsa ba, da wuya ya dawo.

Shi ya sa suka ce kada a saki fitowa ta 1 sai an tanadi uku a hannu, kuma na yarda ƙwarai. Ta farko kan yi kasuwa, a ta biyu ciniki ya ragu. Masu jimirin bin labarin su ne ke rubuta suna a shago tun da wuri don a ajiye musu kowace fitowa, da sunayensu mai shago ke auna odarsa.