Shin ƙuri'a za ta iya kawo gurguzu a ƙasar 'yan jari-hujja?

Kawu Isa: Jama'a jiya a majalisarmu ta Wunti wani yaro ya ce min zaɓe ɓata lokaci ne, wai mai kuɗi ba zai taɓa bari talaka ya karɓi mulki da kati ba. Abin ya tsaya min a rai wlh, mu da muka ga PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, da idonmu.

Auwal: Kawu ka yi haƙuri amma yaron nan ya faɗi gaskiya. Balarabe Musa ya ci Kaduna a 1979, majalisar jiha NPN ce ke da rinjaye, ko kwamishinoni ba su bari ya naɗa ba har suka tsige shi a watan Yuni 1981. To ina gurguzun?

Kawu Isa: Auwalu ɗana, ka faɗi rabi ka bar rabi. Rimi da Balarabe suna hawa suka soke haraji da jangali, kai ba ka san zamanin da ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin haraji ba shi ya sa, ubana sai da ya sayar da akuyarsa ya biya. Ba bindiga ce ta cire wannan ba, ƙuri'a ce. Kuma Malam Sa'adu Zungur ɗan garin nan na Bauchi da Malam Aminu Kano ilimi suka fara bai wa talaka kafin su nemi ƙuri'arsa.

Malama Hadiza: Soke haraji alheri ne Kawu, amma sauƙi ne aka samu, ba gurguzu ba ne. Gurguzu fa shi ne masana'antu da bankuna su koma hannun jama'a. Ku duba Chile, Allende ya ci zaɓe a 1970 ya mayar da ma'adinan tagulla hannun gwamnati, 11 ga Satumba 1973 sojoji ƙarƙashin Pinochet suka kifar da shi, Amurka kuma tun farko tana yi masa zagon ƙasa. Faransa ma Mitterrand ya karɓe bankuna bayan ya hau a 1981, zuwa 1983 ya ja da baya don kuɗi na ta gudu daga ƙasar.

Auwal: Yauwa Anti. Balle nan da fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC ya kai miliyan 100 a 2022, na PDP miliyan 40, wane leburan kasuwar Muda Lawal ne zai saya? Ga daliget, ga taliya da atamfa ranar zaɓe.

Kawu Isa: To me kake so a yi, juyin mulki? Sankara na Burkina Faso da bindiga ya hau a 1983, da bindiga aka kashe shi a 1987. Mun ga mulkin soja a ƙasar nan, talaka ne ya sha bulala.

Malama Hadiza: A nan kam ina bayan Kawu. Ingila jam'iyyar Leba ta ci zaɓe a 1945 ta kafa asibiti kyauta a 1948, Thatcher ta zo ta sayar da kamfanonin gwamnati da yawa amma asibitin ba ta iya sayar da shi ba don jama'a sun riƙe shi gam, ga ƙungiyoyin ƙwadago a tsaye. Mu kuwa PRP da kanta ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, yanzu ma sai ana saura wata uku zaɓe muke tunawa da juna.

Auwal: Ni dai har yanzu ban gamsu ba, asibiti kyauta a ƙasar da bankuna ke hannun attajirai sunanta jari-hujja.

Kawu Isa: Ban musa ba. Amma ranar Asabar ƙungiyarmu ta manoma za ta zauna kan maganar taki bayan la'asar, ka zo ka faɗi wannan a gabansu mu ji me za su ce maka.