Tawaye Ko Ƙwatar Kai? Muhawara Kan Littafin Matan Zamanin Yaƙin Argungu da Gwandu

Maman Hafsa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, sai na faɗa zan ji sanyi. Na kammala littafina mai kashi uku a kan rayuwar mata a zamanin yaƙin Argungu da Gwandu, na kai wa wani mai buga littattafai, ko kashi na farko bai ƙarasa ba ya maido mini. Wai babu soyayya, babu attajiri, babu kishiya mai asiri, wa zai saya? Labarin mata uku ne, kaka da 'yarta da jikarta. Kakar tana budurwa aka kashe Sarkin Kabi Karari na Argungu a 1831. 'Yar ta yi aure ana tsakiyar tawayen Yakubu Nabame, ɗan Karari, da ya fara a 1849. Jikar kuwa da furfurarta ta ga shigowar Turawa Argungu a 1902. Maganata ita ce, wahalar yaƙin nan mata suka fi shan ta. Su ke daka guzurin mayaƙa, su ke binne hatsi idan an ji labarin hari, su ke riƙe marayu, in an ci gari kuma su ake fara ɗaurewa. Amma duk littafin tarihin da ka buɗe, sarakuna ne da dawaki. Akwai wurin da na rubuta ina hawaye, daga bakin kakata na ji irinsa: dare ya yi an kawo hari, mata sun shige fadama ruwa har wuya, matsattsaku na cizon ƙafafunsu ba mai ikon motsi, wata ta cusa wa jaririnta nono a baki don kada ya yi kuka a gane inda suke. Wannan ne aka ce ba zai sayu ba?

Ɗan Kabawa: Wa alaikumus salam. Anti, Allah shi ba ki haƙuri. Amma tsaya tukuna. Mi kic ce? Tawaye? Wa Nabame yay yi wa tawaye? Ƙasar ubanai ta, ƙasar kakanninai ta tun daga Kanta da yak kafa Kabi. Wanda anka kashe ma uba, anka tsare shi Sakkwato shekara da shekaru, in ya dawo ya amshi abinai, tawaye na? In haka kir rubuta cikin littafin, gara da ba a buga shi ba.

Maman Hafsa: Haba ƙanena. Duk abin da na rubuta a sama, kalma ɗaya ka gani?

Ɗan Kabawa: Ita ta babba, Anti.

Malam Baban Aisha: Salamu alaikum. Ni ban ga laifin kalmar ba. An ci Birnin Kebbi a 1805 ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usman Masa bisa mubaya'a. Shekarar ba ta ƙare ba Usman Masa ya juya baya a yaƙin Alwasa. Shi kuma Yakubu, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne ya sake shi bisa amana. Wanda ya shiga alkawari ya fita daga cikinsa da makami, me ake ce wa abin da ya yi? Ba zagi ba ne, suna ne na fiƙihu.

Ɗan Kabawa: Malam, da girmanka. Alkawalin da anka yi da takobi bisa wuya alkawali na? To in 'yan tawaye na, don mi Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i yay yi sulhu da Sarkin Kabi Abdullahi Toga a 1867? Har yau Lafiyar Toga aka ce mata. Da tsara aka yin sulhu, ba da bara ba.

Malam Baban Aisha: Ana yin sulhu da wanda ya yi tawaye, wannan yana cikin littattafanmu. Kuma lafiyar nan shekara nawa ta yi? Zuwa 1875 an koma.

Ɗan Kabawa: Wa yat tada ta?

Malam Baban Aisha: Ka tambayi garuruwan da Sarkin Kabi Sama'ila ya ƙona bayan ya hau a 1883. Har yau akwai kufai a ƙasar Gwandu. Mu ma an kashe mana Sarkin Gwandu Haliru a fagen fama a 1860, ba mu zo muna kuka a zaure ba.

Bagwandiya: Allah ya saka da alheri Malam. Kullum su ne aka zalunta, kamar mu ba mu da kakanni.

Maman Hafsa: To ga shi kun kawo kan maganata da kanku. Garuruwan da aka ƙona, su wa ke ciki? Ba mata da yara ba? A kashi na biyu na littafin, jarumar tawa Bafillatana ce ta ɓoye ta a rumbu, a kashi na uku kuma jikarta ta rama wa zuriyar matar alherin. Ni ban ɗauki ɓangare ba.

Bagwandiya: Kin ɗauka mana, Anti. Don me duk jaruman uku Kabawa ne? A ce Bafillatana sai dai ta fito ta ɓoye wata a rumbu ta koma?

Maman Hafsa: Don labarin gidanmu na sani. Ke ki rubuta naku.

Bagwandiya: Ai shi ke nan, kin faɗa da bakinki.

Malam Baban Aisha: Sannan batun cewa tarihi ya manta da mata, a gyara shi. Nana Asma'u fa? An haife ta 1793, ta rasu 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Tana ƙarama aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙin da idonta, ta kuma tsara shi a waƙa. Ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta ba ta malfa, jaji ta kwaso matan ƙauye su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Wace al'umma ta yi wa mata haka a wancan zamani?

Maman Hafsa: Malam, ba wanda ya isa ya rage wa Nana Asma'u daraja, Allah ya ƙara mata rahama. Amma ita 'yar Shehu ce, matar Waziri Giɗaɗo, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello. Alƙalami na hannunta. Ni wadda nake nema ita ce wadda aka kamo a bakin gulbi tana wanki, aka kai ta wani gida aka sauya mata suna, ta haifi 'ya'ya da yaren da ba nata ba, ba abin da ya rage mata na gida sai zanen Kabawa a kumatunta. Wasu an fanshe su, wasu har suka mutu ba wanda ya biyo sawu. Wasu sun zama ƙwaraƙwarai sun haifi manya, amma ko sunan garinsu ba a rubuta ba.

Hajiya Inna: Ɗiyata, wagga kalma ta ƙwarƙwara ki fidda ta. Akwai gidajen da za su ji zafi. Ba komi aka tonawa ba.

Maman Hafsa: Inna, ba sunan gidan kowa a ciki. Ƙagaggen labari ne.

Hajiya Inna: Ko ba suna, mutane sun san juna. Ni na girme ki, ki ji maganata.

Malamin Makaranta: Inna, a yi mini afuwa, amma in an cire wannan an cire rabin tarihin. Ba abin kunya ba ne ga wadda aka kama. Kuma ɓangarorin biyu duk sun kama, duk sun sayar.

Ɗan Kabawa: A'a, kada a daidaita mu. Mu kare kai munka yi.

Malamin Makaranta: Kare kai bai hana kamu ba, ɗan'uwa.

Ɗan Kabawa: Kai ina ne garinku?

Malamin Makaranta: Me ya kawo garinmu cikin magana?

Ɗan Kabawa: Don in san inda kad dosa.

Bazamfare: Ina ta karanta ku tun ɗazu. Kullum aka tashi maganar jihadi sai Argungu da Gwandu, kamar ba a yi komai a Zamfara ba. A 1805 jama'ar Shehu a Sabon Gari suka zauna, ƙasar Zamfara, bayan asarar da aka yi a yaƙin Tsuntsuwa. Yunwa ta yi tsanani, mayaƙa suka shiga cin abincin talakawa, shi ya sa Zamfarawan da suka tarbe su da farko suka juya musu baya. Rumbun wa aka fasa? Kafin nan ma Gobirawa sun riga sun rushe Birnin Zamfara zamanin sarkinsu Babari, suka kafa Alkalawa. Mu sau biyu aka taka mu. Kuma in ana batun mata, mu ne muka yi sarauniya, 'Yargoje. Anti, don me ba ki fara daga can ba?

Malam Baban Aisha: Ka iya bakinka. Shehu da Malam Abdullahi sun yi wa'azi a kan masu wuce gona da iri cikin rundunar, kada ka shafa wa kowa.

Bazamfare: Ban ce Shehu ya sa su ba, Malam. Na ce an yi.

Bagwandiya: To su ma Zamfarawan tawaye suka yi ke nan.

Bazamfare: Wanda aka cinye wa hatsi ya yi fushi, shi ne tawaye?

Ɗan Kabawa: Ka gani ko? Kowa ɗan tawaye na wurinsu.

Ummu Khalil: Anti Maman Hafsa don Allah a turo mana littafin gaba ɗaya nan zaure mu karanta, sai mu yanke hukunci.

Maman Hafsa: Ban ƙi ba ƙanwata, amma na kuɗi ne. Na yi tafiye-tafiye, na zauna da tsofaffi, na je gidan tarihi na Kanta a Argungu. In na saka shi nan, kafin la'asar ya zagaye ko'ina, har a cire sunana.

Ummu Khalil: Au, ashe talla kika zo yi.

Maman Hafsa: Subhanallahi. Ke in kin yi ɗinki kyauta kike bayarwa?

Ummu Khalil: Ni ban zo ina cewa don matan da aka manta nake yi ba.

Hajiya Inna: Ku bari haka nan, ku ɗiya. Ummu, ba ki kyauta ba, yayarki ta.

Maman Sadiya: Ni ban iya tarihi ba, amma bari in faɗi abu ɗaya. Abin da Anti ta rubuta na shiga ruwa da jariri, a wajenmu Zamfara ba labarin da ba ne. Akwai matan da ke zaune gidanmu yanzu, daga ƙauye suka gudo, ɗaya da tukunya ɗaya ta iso da goyo da yara biyu, ba takalmi. In babur ya wuce da dare sai ta zabura ta rarumi yaran. An kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka sake kwasar ɗalibai a Birnin Yauri a watan Yuni na shekarar. Nan gaba in an zo rubuta wannan zamani, sunan gwamnoni da na 'yan bindiga za a rubuta, ita wannan matar ba mai tuna ta. Don haka ni ina bayan littafin, ko me aka kira Nabame.

Maman Hafsa: Allah ya saka miki, Maman Sadiya. Ke kaɗai kika ji ni.

Ɗan Kabawa: Allah shi kawo sauƙi. Amma "ko me aka kira Nabame" ba daidai ba na. Ka ga yanzu ma 'yan bindiga aka ce ma 'yan tawaye wani lokaci. Sai a haɗa sarkinmu da su suna ɗaya?

Malam Baban Aisha: Ba wanda ya haɗa su. Kai ne ka kawo.

Malamin Makaranta: Shawara: a rubuta "yaƙin Nabame" kawai, kowa ya huta.

Bagwandiya: A'a. In ta canza don an matsa mata, ta nuna inda ta karkata.

Ɗan Kabawa: In ba ta canza ba, ba mai sayen shi Argungu.

Hajiya Inna: Tun 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu yaz zo Argungu, anka yi mai bikin kamun kifi, magana ta mutu. Manya sun yafe ma juna, ku da ba ku ga komi ba ku ka tada ta. Yanzu wane gida na babu auratayya?

Ɗan Kabawa: Shi yaz zo, Inna. Ba mu munka tafi ba.

Bagwandiya: Ziyarar uba ga 'ya'yansa ce.

Ɗan Kabawa: Wa a ɗan wa?

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, dare ya yi. Bari in taƙaita. Na ɗaya, Malam Baban Aisha ya kawo hujjoji da shekaru a kan cewa kalmar tawaye tana nan daram, kuma ba wanda ya iya ture su, mafi yawan zaure sun gamsu. Na biyu, an tabbatar tarihinmu bai manta da mata ba, misalin Nana Asma'u ya wadatar. Na uku, muna ba Maman Hafsa shawara ta ji maganar Hajiya Inna ta cire abin da zai taɓa gidajen mutane, ta kuma ƙara babi a kan 'Yan Taru, in ta yi haka in sha Allahu za a samu mai bugawa. Ɗan Kabawa, muna jan hankalinka a kan yadda kake magana da malamai. Batun Zamfara a ajiye shi sai wani zama.

Ɗan Kabawa: Wane mafi yawa? Malam da Bagwandiya da kai, ku uku. Kuma kowa ya san kai ɗan Birnin Kebbi na. Lafiyar Toga da nik kawo, ina tash shiga cikin taƙaitawar?

Bazamfare: Kullum sai wani zama.

Maman Hafsa: Shugaba, ni ban ce zan cire komai ba.

Shugaban Zaure: Na rufe zaure zuwa bayan sallar asuba. Mai ƙorafi ya same ni ta gefe.