Margot Wallström: gwanar diflomasiyya ce ko tsaurin baki ne kawai?

Rabi'atu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Margot Wallström, ministar harkokin wajen Suwidin daga 2014 zuwa 2019, ta ɗaure mini kai. Cikin 'yan watanni ta ɓata da Isra'ila, ta zo ta ɓata da Saudiyya. To ina diflomasiyyar take? Ba aikinta ne gyara tsakani ba?

Malam Ɗanjuma:
Wa'alaikumus salam Rabi'atu. Ki fara duba inda ta fito. An haife ta 1954 a Skellefteå can arewacin ƙasar, ba ta da digirin jami'a, aikin banki ta yi kafin ta shiga majalisa a 1979. Ba a ofishin jakadanci ta taso ba, inda ake koyon tauna magana. 'Yar siyasa ce ta jam'iyyar Social Democrats, ta yi shekara goma tana kwamishina a Tarayyar Turai, sannan Ban Ki-moon, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya naɗa ta wakiliya ta musamman kan fyaɗe a fagen yaƙi a 2010. Wadda ta zauna da matan gabashin Kwango ta ji abin da aka yi musu, da wuya ta dawo tana lallaɓa harshe.

Faɗan Isra'ila kuwa, amincewa da ƙasar Falasɗinu a Oktoban 2014 ne ya jawo shi. Ni dai ban ga laifinta a nan ba.

Hajiya Turai:
Malam, na Saudiyya fa? Ta soki bulalar da aka yi wa Raif Badawi, marubucin intanet ɗan Saudiyya, aka hana ta jawabi a taron ƙasashen Larabawa a Alƙahira a Maris 2015, Riyad ta janye jakadanta. Manyan 'yan kasuwar Suwidin suka tada jijiyar wuya. Sai da sarkinsu ya aika wasiƙa ga Sarki Salman kafin ƙura ta lafa. Idan sai wani ya bi bayanka yana ba da haƙuri, da sauran gyara.

Malam Ɗanjuma:
Haka ne Hajiya, amma Disamba 2018 a Rimbo, kusa da Stockholm, ita ce mai masaukin baƙi lokacin da gwamnatin Yaman da 'yan Husi suka cimma tsagaita wuta a Hudaida. Gwamnatin Yaman ɗin nan Saudiyya ke mara mata baya, amma duk da haka gwamnatin ta halarci taron.

Hajiya Turai:
Martin Griffiths na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya shiga tsakani, Suwidin wuri ta bayar. Manufar Wallström ta fifita haƙƙin mata a harkokin waje ma, gwamnatin Suwidin da ta hau a 2022 ta jingine ta.

Rabi'atu:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Wannan jinginewar, suna kawai aka cire ko har kuɗin tallafin aka taɓa?