Neman Shawara: Yadda Za Mu Haɗa Ɗalibanmu Da Dattawan Da Suka Yi Ritaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne sakataren ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu a jami'a. Muna da 'yan ajin ƙarshe kusan 40, maza da mata, akasarinsu injiniya, akanta da fannin koyarwa. Muna so mu haɗa su da dattawan garinmu da suka yi ritaya, su riƙa ɗora su a hanya kafin su tafi bautar ƙasa. A ina za mu samo dattawan? Sau nawa za a riƙa haɗuwa? Biyansu ake yi? Kuma yaya za mu yi da 'yan'uwanmu mata? Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara da reshen ƙungiyar 'yan fansho ta NUP na jiharku, sai rassan ƙungiyoyin sana'a, NSE ga injiniyoyi, ICAN ko ANAN ga akantoci, NUT ga malamai. Mai unguwa da limamin Juma'a ma sun san wanda ke da lokaci da haƙuri.

Ka lura da shekaru. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya kama aiki yana ɗan 20 ke nan yana 55 zai sauka, da sauran ƙarfinsa. Malaman makaranta dokar 2022 ta mayar da nasu 65 ko 40 a aiki, farfesa kuma 70. Ku fi neman wanda bai wuce shekara bakwai ko takwas da sauka ba, musamman a akanta. Wanda ya bar ofis kafin a tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015 zai koya wa yaro gaskiya da tsare amana, amma hanyar fitar kuɗi da zai kwatanta masa ta riga ta canza.

Kuma kada ku aika wa dattijo saƙon WhatsApp. Mutum biyu su je gida da takarda mai sa hannun uban ƙungiyarku, su faɗa masa ƙarara: haɗuwa shida, awa ɗaya da rabi kowace, daga wata kaza zuwa wata kaza. Wanda ka ce wa "Baba muna so ka riƙa taimaka mana" zai ce to don kunya, ba za ka sake samunsa a waya ba.

Maman Ilham: Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne a mayar da shi lacca. A tara dattawa goma a babban ɗaki, kowa ya ba da tarihin yadda ake cin kaza a jami'a a zamaninsu, yara su tafa, a watse. Kada ku fara.

Dattijo ɗaya, ɗalibai uku ko huɗu 'yan fanni ɗaya. In ɗaya da ɗaya ne, ranar da yaron ya yi fashi shirin ya mutu. In sun haura biyar, biyu ne za su riƙa magana. Ɗalibai 40 kuna buƙatar dattawa 10 zuwa 12, ku ajiye biyu a gefe saboda rashin lafiya da tafiyar Umara. A haɗu duk bayan mako biyu, a dakata mako uku kafin jarrabawa.

Kowace haɗuwa ta zo da aiki a hannu. Ta farko kowa ya kawo CV ɗinsa a buge a takarda, Baba ya bi da jan biro. Ta biyu su rubuta takardar neman aiki da takardar ofis mai shafi ɗaya. Ta uku ya yi musu intabiyu na gwaji, minti goma kowa, sauran suna kallo. Ragowar ukun na fanninsu ne: mai koyarwa ya tsara darasin minti 40 ya gabatar, akanta ya daidaita littafin kuɗi da takardar banki.

Sai matsalar kunya. Yaranmu ba sa iya katse babba, ba sa iya cewa ba su gane ba. Maganinta su rubuta tambayoyi uku a kai masa kwana biyu kafin ranar. Ku kuma sa haɗuwar bayan la'asar, kiran magariba ya tashe ta, ba sai wani yaro ya duba agogo a gaban uban wasu ba.

Abu Maryam: Ni injiniyoyin zan yi wa magana. Kada a zaunar da su a falo, a kai su inda ake gini. Yaro ya haddace cewa kwaɓin kankare 1:2:4 ne, amma bai san cewa a wurin aiki da kwanon sarki ake awo ba. Buhun siminti mai kilo 50 kusan kwano biyu ne, don haka buhu ɗaya yana cin kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Tsohon injiniya zai tsayar da shi gefen masu kwaɓa ya ce ƙirga, a nan zai ga inda ake zarce da kwano biyar, da inda ake ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi, wanda shi ke rage ƙarfin kankaren. Zai nuna masa ƙananan duwatsun siminti da ake sa wa a ƙarƙashin rodi don kada ya kwanta a kan katako ya yi tsatsa daga baya, da dalilin shayar da dakin, wato rufin kankaren, ruwa aƙalla kwana bakwai, da dalilin da ya sa sai kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. A nemi izinin mai ginin tukuna, kowa da hular kwano da takalmi mai rufi. Su zo da littafin rahotonsu na SIWES, wato horon sanin makamar aiki da suka je, daga shi Baba zai gane wanda ya yi aikin da wanda ya kwafa.

Hajiya Babba: Batun kuɗi a gama shi tun ranar farko, a rubuce a shafi ɗaya, kowa ya sa hannu. Ba albashi ake ba su ba, da yawansu ma za su ji haushi in ka ambata. Amma ɗan fansho aljihunsa ba nauyi, kada hidimarku ta ci masa ko sisi. In shi zai zo, kuɗin mota a ambulan kafin ya tashi. In ku za ku je, ku riƙe ruwanku da lemonku, kada a ɗora wa matar gida girki.

Doka biyu ga ɗalibai: ba roƙon kuɗi, ba "Baba a samo min aiki". Mutum ya sauka daga kujera, waɗanda ya sani su ma suna sauka. In aka matsa masa sai ya fara ɓuya. In ya ga yaro ya cancanta, da kansa zai ɗaga waya. Kundin bincike kuma na malamin da ke duba shi ne. Baba ya gyara Turanci, ya faɗi inda za a samu bayanai, amma kada ya canza take ko tsari, yaron ne zai sha wuya a hannun sufabaiza.

Su ma yaran su yi wani abu. Su koya masa manhajar banki da ta kamfanin fanshonsa, waɗanda ke ƙarƙashin PTAD, hukumar 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, a taya su tantancewar nan ta tabbatar da ana raye da ake yi ta waya. Sai dai wayar tana hannunsa, shi zai danna lambar sirrinsa. Ɗalibi kada ya riƙe katin ATM ɗin kowa, kada ya karanta lambar da banki ya turo.

Mata kuma a ba su mata. Tsofaffin shugabannin makarantu, nas-nas da akantoci mata suna nan da yawa, ba a tambayarsu ne kawai.

Abu Maryam: Hajiya, a gafarce ni, a injiniya za a sha wuyar samun mace mai ritaya a ƙaramar hukuma ɗaya. In aka tsaya a kan haka 'yan matan ne za su rasa zuwa wurin gini.

Hajiya Babba: Gaskiyarka Malam. To a sa su biyu-biyu a rukuni, kada a bar mace ita kaɗai, haɗuwar kuma a harabar makaranta ko wurin aikin, da rana. Ba lambar waya tsakanin mutum biyu, komai ta zauren rukunin. Kuma a ba su sunan malama ɗaya da za su kai wa ƙorafi kai tsaye ba tare da sun bi ta kan shugabannin ƙungiya ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai iyayena. Saura ɗaya: in rukuni bai tafi daidai ba, yaya za mu raba su ba tare da mun ɓata wa dattijo rai ba?

Maman Ilham: Shi ya sa aka ce haɗuwa shida. Ku sanar tun farko cewa bayan ta uku za a sake juya rukunai don kowa ya amfana da kowa, sai canjin ya zo a matsayin tsari. Bayan haɗuwa ta biyu ka kira kowane dattijo da kanka, ka kuma tambayi ɗalibi ɗaya a keɓe. Ɗalibin da ya yi fashi sau biyu ba uzuri a cire shi a sa na jerin jira. Ka yi wa ofishin shugaban harkokin ɗalibai takarda kafin ku fara, su ba ku aji ɗaya a rubuce, in ba haka ba masu gadi za su tsayar da Baba a ƙofa ranar Asabar.